An bar min kwaɗon bishiya kuma ya ƙi cin abinci, dan Allah masu sani ku taimaka

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema kuma kar a ɗauka wasa nake yi. Maƙwabcinmu a nan Hotoro aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Legas, yana da wani kwaɗo kore da yake kiwo a akwatin gilas, yarona kullum yana can yana kallonsa, to da zai tashi sai ya ce ya bar wa yaron. Ya ce irin na ƙasar Ostireliya ne masu hawa bishiya, girmansa ya kusa cika tafin hannuna, yatsunsa da wasu 'yan faifai a ƙarshe da yake manne wa gilas da su. Matsalar ita ce tun da aka shigo da shi gidan nan bai ci komai ba, mun saka masa ƙwari ko kallonsu bai yi ba, da rana yana maƙale a lungun gilas ido a rufe, kuma koren nan ya fara komawa ruwan ƙasa. Mutumin abin da ya ce min kawai in dinga fesa masa ruwa, yanzu kuma wayarsa ba ta shiga. Ga sanyi ya fara shigowa. Tsoro nake ji kar ya mutu a hannuna Allah ya tambaye ni, ga yaro ya ƙwallafa rai a kai.

Abba_Gwale:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, kwado kuma Hajiya? Ni dai tun da nake a Kano na ga masu tattabaru na ga masu zomo da aku har da mai kunkuru, amma kwado yau na fara ji. Bari masu sani su zo

Sadik_MaiKifi:
Hajiya ki kwantar da hankalinki tukuna, duk abin da kika lissafa ba lallai ciwo ba ne. Ni kifin ado nake kiwo amma na taɓa riƙe irin wannan. In dai na Ostireliya ne kore mai ƙiba to shi ne wanda masana ke kira Litoria caerulea, a Ostireliya da tsibirin Niyu Gini yake, kuma cikin kwaɗin da ake kiwo yana cikin masu juriya. Barcin rana ɗabi'arsa ce, da dare yake tashi ya yi yawo ya yi farauta. Canja kala ma yana yi, in wuri ya yi sanyi ko hankalinsa bai kwanta ba sai ya koma ruwan ƙasa, in ya sake sai ya dawo kore. Ƙin cin abinci bayan an canja masa gida kuma kusan dukkansu suna yi, wani sai ya yi sati ko fiye. Abin da zan roƙe ki shi ne a daina ɗaukarsa kwata-kwata, a mayar da akwatin ɗakin da ba hayaniya, a rufe gefe uku da kwali ko wani yadi ya zama gaba kawai ake gani. Sannan ki faɗa min wane ruwa kike fesa masa, kuma su ƙwarin daga ina kuka kamo su?

Maman_Hanif:
Na gode ƙanina Allah ya saka da alheri. Ruwan famfo ne in an kawo, in babu kuma na 'yan garuwa. Ƙwarin kuma kyankyasai ne yara suka kamo a bayan kicin da wasu fara daga filin ƙwallo

Sadik_MaiKifi:
To alhamdulillah da bai ci kyankyasan nan ba wallahi. In dai ana fesa maganin ƙwari a gidan ko a maƙwabta to kyankyason da kika gani yana tafiya a hankali har yaro ya iya kama shi wataƙila ya riga ya sha magani ne, kwaɗo na haɗiye shi shikenan. A kwashe su yanzu yanzu.

Malamin_Bayoloji:
Bari in ɗora a kan maganar Sadik saboda batun ruwan nan shi ne gaba da komai. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki irin yadda mu da kaza da akuya muke yi. Ta fata yake sha, musamman fatar cikinsa da ta cinyoyi, zama yake yi a cikin ruwa fatar ta tsotsa kamar soso, kuma wani ɓangare na numfashinsa ma ta fatar ne. Ma'ana duk abin da ke cikin ruwan kai tsaye jininsa yake shiga. Ruwan famfo ana zuba masa sinadarin kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, mu yana mana amfani shi kuma yana ƙona masa fata. Ki tari ruwan a bokiti mai tsabta wanda ba a taɓa wanki da shi ba, ki bar shi a buɗe kwana guda cur kafin ki yi amfani da shi, ko ki nemi maganin cire kulorin wajen masu sayar da kifin ado, ɗigo kaɗan ake sawa kuma shi ya fi tabbas. Na 'yan garuwa kuma ba ki san jarkar me aka taɓa zubawa a ciki ba, ni ban ba ki shawararsa ba. Ruwan da aka sa wa alif ko maganin tsaftace ruwa shi ma a'a. Kwanon ruwan ya zama mai faɗi mara zurfi, in ya zauna ruwan kar ya wuce haɓarsa, don irin waɗannan gwanayen hawa ne ba gwanayen iyo ba, kuma a canja kullum saboda a ciki yake yawan yin kashi.

Hajiya_Turai:
Ni fa ban gane ba, me ya sa za a tsare bawan Allah a gilas? Ki kai shi bakin kududdufi ko ki ba wani mai zuwa Tiga ya sake shi ya shiga cikin 'yan uwansa, ke kin huta shi ma ya huta

Malamin_Bayoloji:
Hajiya Turai niyyarki mai kyau ce amma wannan kashe shi ne. Ba ɗan ƙasar nan ba ne, kuma mai yiwuwa a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa neman abinci da kansa ba, Ostireliya ma ba ta yarda a fitar da namun dajinta don sayarwa, waɗanda ke kasuwa galibi na kiwo ne ko na Indonesiya. A iskar hunturun nan in aka ajiye shi a fili bushewa zai yi. In ma ya rayu to akwai haɗarin ya kai wa kwaɗinmu na gida cuta, akwai wata cutar fata ta naman gwari da ta hallaka kwaɗi masu ɗimbin yawa a Amurka ta Tsakiya da ita kanta Ostireliyar, kuma safarar kwaɗi daga ƙasa zuwa ƙasa na cikin abin da ya yaɗa ta. Dabbar da aka shigo da ita ba a sakinta a daji.

Ustaz_Fagge:
Salamu alaikum. Tunda an taɓo batun tsarewa bari in ce wani abu. Kashe kwaɗo dai an hana, ya zo a Abu Dawuda da Nasa'i cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam game da sa kwaɗo a cikin magani sai ya hana kashe shi. Batun ajiye dabba kuma abin da malamai ke kafa hujja da shi shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nemi nata ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Laifin nata hana abinci da ruwa ne. Saboda haka 'yar uwa tunda ya riga ya shigo hannunki kuma masana sun ce sakinsa halaka ne, to ya zama amana, ki ba shi haƙƙinsa, in kin ga ba za ki iya ba ki nemi wanda zai iya ki miƙa masa. Allah ne mafi sani.

Hajiya_Turai:
To Malam na ji na kuma karɓa. Amma har yanzu ni dai raina bai so a ce ana ɗauko irin waɗannan halittu daga ƙasarsu ana kawo su inda ba yanayinsu ba. Wanda ya riga ya zo ya zo, amma kar yara su gani kowa ya ce shi ma sai an sayo masa

Ummi_ZooRoad:
Anti Maman Hanif wata tambaya, kina turaren wuta a dakin da yake? Don mu matan Kano kin san mu da kasko, ga maganin sauro na kunnawa da dare ga na fesawa

Maman_Hanif:
Ummi a falo yake kuma kullum da yamma sai na sa turare, na sauro kuma mai igiyar nan muke kunnawa a tsakar gida amma hayaƙin yana shigowa

Sadik_MaiKifi:
Ummi Allah ya miki albarka wannan tambayar ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Anti dole ya bar falon nan yau. Hayaƙin turare, igiyar sauro, fiya-fiya, turaren ɗaki na fesawa, hayaƙin gawayi, duk suna sauka a kan fatarsa mai danshi su narke su shiga jiki. Fiya-fiya kam ko a ɗakin da ke kusa aka yayyafa ina jin tsoro. A samu ɗaki ɗaya a ce wannan ba a fesa komai ba a kunna komai, in sauro ya dami mai kwana a ciki ya sa gidan sauro. Haka hannu, yanzu lokacin basilin ne da man shafawa kowa hannunsa da maiƙo, in ya zama dole a taɓa shi a wanke hannu a ɗauraye sosai har sabulun ya fita tas, a bar hannun da jiƙe sannan a ɗauka.

Anti_Nas:
Ni kuma ta ɓangaren yaron zan yi magana tunda aikin asibiti nake. Kwaɗi da ƙadangaru da kunkuru suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ba tare da su sun nuna alamar ciwo ba, tana sa gudawa da zazzaɓi kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa. Duk wanda ya taɓa shi ko kwanon ruwansa ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Kar a wanke kwanonsa a inda ake wanke-wanken abinci, a ware masa soso da bokitinsa, ruwan da aka canja a zuba a masai. In akwai ɗan ƙasa da shekara 5 a gidan to kallo kawai, ban da taɓawa. Hanif shekararsa nawa?

Maman_Hanif:
Tara yake Anti, amma akwai ƙanwarsa mai rarrafe, in sha Allah zan ɗora akwatin a sama inda ba za ta kai ba

Dan_Kura:
Ku kuna ta maganar na Ostireliya mu nan wajenmu akwai masu hawa ciyawa ai, duk wanda ya taba aikin shinkafa a Kadawa ya san su, yan kanana ne ba su wuce kan yatsa ba suna makale a jikin ganye da dare kuma kukansu ya cika fadama. Abin mamaki da rani za ka ga wani ya dafe a jikin kara a tsakiyar rana ya koma fari fat ba ya motsi, muna yara mun dauka ya mutu ne

Malamin_Bayoloji:
Dan Kura abin da ka gani gaskiya ne, waɗannan su ne dangin Hyperolius, akwai wanda ake kira Hyperolius nitidulus a yankin ciyayi na Afirka ta Yamma, ƙananansa ne ke ƙetare rani a haka, su naɗe ƙafafu a ƙarƙashin jiki don kar ruwa ya fita, fatar ta koma fara ta dinga mayar da hasken rana, su zauna watanni har damina ta faɗi. Allah ya hore musu wannan saboda nan ne ƙasarsu. Na Hajiya shi ma yana da ɗan maiƙo a fata da ke rage masa bushewa shi ya sa ya fi sauran juriya, amma bai kai ya jure hunturun Kano ba tare da taimako ba. Kuma dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya kamo na Kadawa ya sa a kwalba, su sun fi wuyar riƙewa nesa ba kusa ba saboda ƙwarin da suke ci ƙanana ne ƙwarai.

Yaya_Bala:
Kwaɗi dai kasuwa ce babba a arewa ba a sani ba, ku je yankin Haɗeja da Nguru ku ga yadda ake kama manyan nan na ruwa ana busarwa ana lodawa zuwa kudu. Ni abin da ke damuna yadda ake kwasarsu ba ƙaƙƙautawa alhali su ne ke cinye ƙwarin gona

Abba_Gwale:
Yaya Bala wannan gaskiya ne, ni ko a cikin gari na lura, da muna yara in aka yi ruwan sama kukan kwadi ba ya bari a yi barci a unguwarmu saboda kududdufai, yanzu an cike yawancinsu an yi gini sai dai ambaliya

Ummi_ZooRoad:
Jama'a mun bar baiwar Allah da kwadonta mun tafi Hadeja. Har yanzu fa ba a fada mata me za ta ba shi ya ci ba

Sadik_MaiKifi:
Haka ne Ummi. Anti abincinsa ƙwari ne masu rai, in abu ba ya motsi ba zai kula shi ba, don haka soyayyar fara ko nama ko abincin kifi duk ba su da amfani. Gyare shi ne na ɗaya, sai ƙananan fara, sai tana, sai faɗa-wuta irin masu taruwa a ƙwan lantarki in daga wurin da ba a feshi ne. Ƙa'idar girma ita ce kar ƙwaron ya fi faɗin tsakanin idanunsa biyu. Babba kamar naki sau biyu zuwa uku a sati ya isa, ƙwaro uku ko huɗu kowane ci, kuma bayan magariba za ki saka ki kashe fitila ki bar ɗakin, da safe ki duba ki cire wanda ya rage don gyare in ya ji yunwa yana iya gatsar kwaɗon yana barci. Irin wannan in ya saba ci yake ba ƙoshi, har ƙiba ta yi masa yawa, alamarta shi ne naman da ke saman kunnensa ya kumburo ya rufto, in kin ga haka ki rage. Fara babba ki cire mata ƙafafun baya masu ƙaya.

Dan_Kura:
Kuma a ja wa yara kunne kar su kamo farar tumfafiya, mai zane rawaya din nan, ko kaji ba sa cinta saboda dafin tumfafiyar da take ci yana jikinta. Ta gonar kayan lambu ma a kiyaye don feshi ake musu ba wasa

Malamin_Bayoloji:
Madalla Dan Kura. Saura abu ɗaya da yawancin masu kiwo ke mantawa sai bayan watanni abin ya fito, wato kalsiyam. Gyare da fara ba su da isasshen kalsiyam, a daji kwaɗo na cin ƙwari iri-iri yana kuma samun ɗan hasken rana, a gilas kuwa babu, sai ƙashinsa ya yi laushi, muƙamuƙi ya saki, ƙafafu su karkace ya kasa hawa, kuma in ya kai nan gyaruwa da wuya. Akwai garin kalsiyam mai haɗe da bitamin D3 da ake yi don irin waɗannan dabbobi, ana zuba ƙwarin a leda ko roba a barbaɗa kaɗan a girgiza sannan a ba shi. In bai samu a nan ba ana yin oda ta intanet daga Legas ko Abuja, roba ɗaya tana daɗewa. Kafin ya iso za ki iya dafa ɓawon ƙwai ki busar ki daka ya yi laushi lilis ki tankaɗe, shi ma kalsiyam ne amma babu bitamin ɗin a ciki don haka na wucin gadi ne. Sannan su ƙwarin a ciyar da su kwana ɗaya ko biyu kafin a ba shi, karas, kabeji, ganyen zogale, ɗan dusa, abin da ke cikinsu shi kwaɗon zai amfana da shi.

Baffa_Sola:
Ni tambayata yanayi. Kun ce ɗan Ostireliya ne, zafi nawa yake so? Don Kano dai kun san halinta, Disamba da Janairu da asuba sai ka ga digiri 13 ko ƙasa, Afrilu kuma ya haura 40 ga ba wuta

Sadik_MaiKifi:
Baffa da rana tsakanin 24 zuwa 29 yake so, da dare in ya sauka zuwa 20 ko 21 ba komai. Danshin iska kuma kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, mu kuwa a hunturu yakan faɗi ƙasa da 20, kun ga tazarar. Shi ya sa feshi safe da yamma ya zama dole yanzu, wani lokacin har da rana, amma kar a mayar da akwatin fadama, a bari ya ɗan sha iska tsakanin feshi da feshi don jiƙa ta dindindin ita ma tana kawo ciwon fata. Murfin raga ne ya kamata, a rufe rabinsa da leda ko gilas lokacin hunturu don danshin ya zauna. Anti ki sayi ɗan ma'aunin nan mai batir da ke nuna zafi da danshi tare, masu kayan ƙyanƙyasar kaji suna sayarwa, ki liƙa a ciki ki daina kintace.

Maman_Hanif:
Ina ta rubutawa a littafi wallahi. Na mayar da shi ɗakin baƙi tun jiya, na rufe gefe uku, na canja ruwa da wanda ya kwana. Daren jiya babansu ya samo gyare a wajen wani mai gadi da ke da lambu ba ya feshi, muka saka uku muka kashe fitila, da asuba na leƙa saura ɗaya! Kuma na same shi zaune a kwanon ruwa kalar ta ɗan fara dawowa. Amma wani abu ya ban tsoro, na ga yana ta buɗe baki yana shafa jikinsa da ƙafa yana jan wani abu fari-fari yana cusawa a baki, ciwo ne?

Malamin_Bayoloji:
Alhamdulillah. A'a ba ciwo ba ne saɓa yake yi, suna tuɓe tsohuwar fata a kai a kai su cinye abarsu, kuma wannan ma na iya zama cikin dalilin da ya sa kalarsa ta dushe ya ƙi ci. In Hanif na son kallo ki ce ya lura lokacin da yake haɗiye ƙwaro, zai ga idanun sun nutse ciki, da su yake taimaka wa kansa tura abincin zuwa maƙogwaro. Abin da za ki ji tsoro shi ne in cikinsa da cinyoyinsa suka yi ja sosai kamar jini ya kwanta, ko ya kumbura, ko ya dawo ƙasa ya yi kwance ba ya hawa, ko ido ya yi hazo, ko rama ta bayyana ƙashin baya ya fito. In kin ga ɗaya daga ciki ki nemi likitan dabbobi da wuri, ki tambaya ko ya saba da irin waɗannan, in abin ya gagara akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya. Kar a shafa masa wani maganin mutane ko a sa gishiri a ruwansa.

Hajiya_Turai:
Kai masha Allah na ji daɗi da ya ci. Amma Malam shekara nawa suke yi ne, don in san ko abin na ɗan lokaci ne

Malamin_Bayoloji:
Hajiya in ya samu kulawa yana kai shekara 15 har 20. Hanif na iya gama jami'a yana nan.

Hajiya_Turai:
Tabɗi. To kun ga abin da nake faɗa, yaro yau yana so gobe ya tafi makarantar kwana, uwa ce za ta ƙare da neman gyare. Maman Hanif ki zauna da maigida ku yi shawara tun yanzu

Ummi_ZooRoad:
Ko a tuntubi gidan zoo na Audu Bako a ji ko suna karba in abin ya yi mata yawa, tambaya ai ba laifi ba ce

Maman_Hanif:
Hajiya maganarki gaskiya ce kuma mun yi maganar da babansu, ya ce tunda an riga an karɓa a riƙe da kyau. Ni ma kuma gaskiya na fara sabawa da shi, yadda yake zama ya naɗe hannu yana kallon mutum sai ka ji tausayinsa. Yanzu akwatin ne nake ganin ya yi masa kaɗan, faɗi gare shi ba tsayi, kuma tsakuwa ce a ƙasan

Sadik_MaiKifi:
Tsakuwar nan a kwashe ta Anti, in ya kai wa ƙwaro cafka yana haɗawa da duk abin da ke kusa, tsakuwa ko yashi ko garin katako in ya shiga cikinsa toshewa yake. Yanzu ki shimfiɗa farar takardar goge hannu mara ƙamshi ki jiƙa ta, a haka za ki dinga ganin kashinsa ki san yana ci, kina canjawa in ta ɓaci. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ki koma garin ɓawon kwakwa da masu fulawa ke sayarwa. Akwati kuma tsayi yake so, santimita 45 faɗi 45 zurfi 60 tsayi ya ishi guda ɗaya, masu aikin gilas da alminiyom za su haɗa miki amma ki ce su yi amfani da gam ɗin da ake haɗa akwatin kifi kuma a bar shi ya bushe warin ya fita gaba ɗaya kafin a saka shi. Murfi ya zama mai sakata don suna da ƙarfin ture murfi. A sa reshe mai kauri na mangwaro ko gwaiba da aka wanke da tafasasshen ruwa ya bushe, ban da darbejiya, da shuka mai faɗin ganye wadda za ta ɗauki nauyinsa, a wanke ganyen da saiwar a canja ƙasar saboda taki.

Abba_Gwale:
To wai ba zai dame ku da kuka ba da dare?

Sadik_MaiKifi:
In namiji ne zai yi, murya gare shi mai kauri, kuma wani lokacin ƙarar janareta ko injin markaɗe ma tana sa shi ya amsa. Namiji maƙogwaronsa ya fi duhu da saki, mace ta fi girma kuma ba ta cika kuka ba

Baffa_Sola:
Ni har yanzu bazara nake tunani, sanyi ai da sauƙi a rufe taga a sa bargo a bayan akwatin. Amma Afrilu da Mayu ɗakin da ke da rufin kwano ba sili mai kyau yana wuce 35 cikin dare ma. In akwai sola a gidan to fanka kaɗai ba ta rage zafin iska sai dai ta busar da shi, sai an haɗa da jiƙaƙƙen buhu ko tawul a kan rabin ragar iska na bi ta ciki. Ni da zan ba da shawara a sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, rana kar ta taɓa gilas ɗin ko na minti goma don gilas tara zafi yake

Dan_Kura:
A sa karamar randa ko tukunyar kasa sabuwa a ciki a kife ta a fasa mata kofa a dinga jika ta, cikinta sanyi zai yi ya shiga ya buya, mu haka muke wa zomaye da zafi

Malamin_Bayoloji:
Dabarar tukunyar tana da kyau in sabuwa ce ba a taɓa dafa komai a ciki ba kuma a goge bakin da aka fasa kar ya yanke shi. Gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tsumma a ɗora a kan murfi ita ma tana sauke zafin, amma kar a sa ƙanƙara a ruwan da yake zama. Inda nake da shakka shi ne jiƙaƙƙen tawul ɗin Baffa in damina ta kusa, lokacin iska ta riga ta yi nauyi ruwa ba ya tashi da sauri, sai a samu zafi da danshi tare kuma wannan ya fi busasshen zafi illa.

Baffa_Sola:
Malam a Afrilu ai iskar Kano a bushe take har yanzu, sai wajen ƙarshen Mayu take canjawa, ni ina ganin zai yi aiki a lokacin da aka fi buƙata. Ma'aunin da Sadik ya ce a saya shi zai raba mu

Maman_Hanif:
Allah ya saka wa kowa da alheri ya bar zumunci. Yanzu damuwata gyare, mai gadin ya ce in sanyi ya yi ƙarfi ɓacewa suke yi, akwai wanda ya san mai kiwonsu a Kano ko yadda zan tara su da kaina?

Sadik_MaiKifi:
Ana kiwonsu a gida Anti, babbar roba mai zurfi irin ta Ƙofar Wambai, a huda murfin a sa raga, a jera kwalin ƙwai a ciki su ɓuya, a sa ƙaramar roba da jiƙaƙƙiyar ƙasa su yi ƙwai a ciki, ruwa kuma a jiƙa auduga kar a sa a kwano su nutse. Sai dai da sanyi ƙwan yana jinkirin fashewa sai an ajiye robar a wuri mai ɗumi. Kafin su kama ki tambayi masu kiwon kifi da kaji, wasu suna tara tsutsar baƙin ƙudan nan da ake ba kifi, ita tana da kalsiyam sosai, ita kuma tana, wato tsutsar ƙasa, za ki same ta a ƙarƙashin tukwanen masu fulawa in ba su sa magani ba.

Yaya_Bala:
Akwai wani abokina mai gidan kifi a hanyar Zariya yana tara tsutsar, bari in tambaye shi ko zai sayar da kaɗan, in ya amince zan miki magana ta akwatin sirri. Sadik ita tsutsar sai an wanke kafin a ba shi ko a haka ake sakawa?